Katun Ɗin Zambo Sana'a Ce? Amsa Ga Wani Malami Daga Ƙasar Ringim

Malam, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce kai malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, kana da ƙane da ya gama sakandare bara, mai hannun zane tun yana ƙarami. Yanzu ya koyi motsa zanen a waya, har ya yi wani ɗan katun na minti ɗaya a kan tuƙa-tuƙar garinku da ta shekara a lalace, ya sa wani mai babbar riga yana ƙaddamar da ita karo na uku ba ko ɗigon ruwa. Abin ya zaga gari, har a kasuwar Gujungu an yi ta tura wa juna, daga baya aka aiko wa mahaifinku cewa ya ja wa ɗansa kunne. Kana so ka san ko wannan abu sana'a ce da mutum zai riƙe gida da ita, ko akwai wanda ya taɓa yin ta ya zama wani abu, ko kuwa ku taka masa birki tun da sauran mutunci.

Sana'a ce. Na haura shekara 10 ina cin abinci da zane mai motsi, da shi na yi aure, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara. Sai dai yadda yaron yake hangen ta daban, yadda take daban. Shi yawan waɗanda suka kalla yake ƙirgawa. Ni kuwa duk aikin da zan fara tambaya biyu nake yi wa kaina: wa zai biya, wa kuma zai ji haushi. Kada ku hana shi, amma kada ku sakar masa linzami.

Tunda ka nemi misali, bari in ba ka labarin mutum ɗaya da aka san tarihinsa sarai, Mark Fiore, Ba'amurke mazaunin yankin San Francisco. A jami'a kimiyyar siyasa ya karanta, a Kwalejin Colorado. Da ya fito ya kama zanen barkwancin siyasa a takarda, yana bin jaridu yana sayar musu ɗaya-ɗaya. Burin duk mai irin wannan zane a Amurka a wancan zamani bai wuce wata babbar jarida ta ɗauke shi ta yanka masa albashi ba. Ya kuwa samu, jaridar San Jose Mercury News ta ɗauke shi. Bai jima ba ya ajiye, a farkon shekarun 2000, ya koma yin katun mai motsi a intanet kaɗai. Ka tuna YouTube bai zo duniya ba sai 2005, intanet ɗin lokacin kuma tafiyar hawainiya take yi, bidiyo ba ya buɗuwa cikin daɗi. Abin da ya taimake shi wata manhaja ce mai suna Flash, wadda take fitar da zane mai motsi a ɗan ƙaramin fayil. Sai ya ɗaure wa kansa katun guda kowane mako, na minti ɗaya zuwa biyu, ya riƙa ba shafukan labarai haya: SFGate na jaridar San Francisco Chronicle, mujallar Mother Jones, gidan rediyon NPR da wasunsu. Aiki ɗaya, masu biya da yawa.

A 2010 aka ba shi lambar Pulitzer ta zanen barkwancin siyasa, wadda a aikin jarida na Amurka babu ta sama da ita, kuɗinta a lokacin dala 10,000. Shi ne na farko da ya ci ta da aikin da ba a buga a takarda ba. Ga inda abin dariyar yake. Watanni kaɗan kafin nan, a Disamba 2009, ya haɗa manhajar waya da zai riƙa sa katun ɗinsa, kamfanin Apple ya ƙi karɓa, hujjarsu ita ce yana yi wa manyan mutane ba'a. To mai zambo in bai yi wa manya ba'a ba, wa zai yi wa? Da labarin lambar ya fito aka yi wa kamfanin ca, suka ce ya sake turowa, suka karɓa. A 2016 kuma ya ci lambar Herblock, ita ma ta masu zanen barkwancin siyasa. Tsakanin haka ya sha zagi, har barazanar kisa an yi masa saboda wani katun da ya taɓa masu ra'ayin riƙau na ƙasarsu.

Abin da nake so ƙanenka ya lura da shi a labarin nan, zanen Fiore ba wani na a zo a gani ba ne. Akwai yara a Kano da suka fi shi iya fitar da fuska. Jarinsa shi ne ya san abin da yake magana a kai, ya karanta, ya bi labari, ya san inda ƙaryar shugaba take kafin ya ɗauki alƙalami. Kuma tun farko bai jingina da yawan masu kallo ba, ya nemi wanda zai biya shi kowane mako. Duk da haka, da lambarsa da sunansa, ƙofar da yake bi ya kai ga jama'a ta wani ce, ran da mai ƙofa ya ga dama ya rufe.

Wannan na ƙarshe ya faru da masu wannan sana'a sau da yawa. A 2012 YouTube ya sauya yadda yake tallata bidiyo, ya koma fifita wanda aka daɗe ana kallo a kan wanda aka fi latsawa. Mai zama gaban kyamara ya yi surutun minti 20 kullum ya ci riba. Mai katun da zai yi wata guda yana haɗa minti biyu ya koma baya, da yawansu suka watse. Ita kanta Flash da ta raini wannan zamani gaba ɗaya, kamfanin Adobe ya binne ta a ƙarshen Disamba 2020. A nan gida ma mun ga an rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, wanda kasuwarsa take can kaɗai ya yi wata bakwai yana hamma.

Kamfani kenan. Hukuma kuwa nata ya fi zafi. Oleg Kuvaev ya fara katun ɗin wata yarinya mai bakin tsiya, Masyanya, a birnin St. Petersburg a 2001, mutane suka riƙa tura wa juna daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kamar dai yadda aka yi da na ƙanenka a Gujungu. Bayan shekara 20 yana yi, a 2022 hukumomin Rasha suka toshe shafinsa saboda abin da ya yi a kan yaƙin Yukren. Abin da ya cece shi, ya daɗe da barin ƙasar. Ashraf Hamdi na Masar, mai tashar Egyptoon da ke da miliyoyin mabiya, shi yana gida. A Janairu 2021 ya saki wani ɗan bidiyo na tunawa da juyin juya halin 2011, ranar 25 ga watan aka je har gida aka tafi da shi.

Za ka ce duk waɗannan na nesa ne. To mu dawo gida, don mu ba baƙin wannan abu ba ne, waya ce kawai sabuwa. A fada akwai wawan sarki, mai faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai su mai da shi lissafin tuwo da miya, akwai 'yan gambara a kasuwa. Da azumi ya kai kwana goma yara su fito tashe, a sa wa yaro gemun auduga a ce malam ya yi rawa yana musu, a Kano kuma Nalako ya bi gwauraye da ganga. Bafulatani da Babarbare su yi wa juna tatas a rabu ana dariya, haka Bakano da Bazazzagi. Amma ka lura, kowanne cikin waɗannan yana da rigar da ta kare shi: ko sarauta ce ta ba shi izini, ko wata ne na musamman, ko tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin kakanni. Yaron da ke riƙe da waya ba shi da ko ɗaya. Ba wanda ya naɗa shi, kuma abin da ya saki ba ya ƙarewa da sallah, yana nan a wayar mutane har shekara biyar.

Rigar da ta rage masa ita ce wadda Bahaushe ya daɗe da ɗinkawa, wato bambancin zambo da habaici. Zambo ka nufi mutum, ka siffanta shi yadda kowa zai gane, ka muzanta shi. Habaici ka jefa magana a fakaice, ba suna ba kama, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, ya yi shekaru yana ba Arewa dariya har rasuwarsa a Disamba 2014, kuma mafi yawan abin da ya yi wa ba'a hali ne: rowa, kwaɗayi, ƙaryar arziki, wayon banza. Kowa ya ga maƙwabcinsa a ciki, ba wanda ya ga kansa. Shi ɗin ma, da yake tsohon gandiroba ne, sai da ya koma gidan yari a matsayin ɗaurarre a 2008, lokacin da aka yi ta dambarwa tsakanin 'yan fim da hukumar tace fina-finai ta Kano.

Batun doka kada ku ɗauke shi wasa. Ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code da kotunan Arewa suke aiki da shi, sashe na 391 da 392, ba ƙarar neman diyya kaɗai ba ce. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi ta kama 'yan jarida da matasa da sashenta na 24, har aka yi mata gyara a 2024. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan barkwancin TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani bidiyo da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A cikin wannan wata na Nuwamba dai aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai Abuja a kan rubutu guda da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ɗalibai da masu kare haƙƙi suka tashi tsaye aka janye ƙarar. Wannan ɗalibin jami'a kenan, da ƙungiya a bayansa. Ɗan ƙauye in an ɗauke shi, kai da mahaifinku ne za ku yi ta sintiri a ofishin 'yan sanda, kuna sayar da tumaki. Abin da ya shafi addini, da malamai, da iyalin mutum kuwa, ko kusa kada ya je. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya tashi a ƙasar nan.

Amma ni abin da ya koya mini hankali ba kotu ba ce. Shekarun baya na yi wani katun a kan rabon takin gwamnati a yankinmu. Labarin gaskiya ne, takin ya iso bayan gero ya yi kai, kuma buhu ɗaya aka ce mutum goma su raba, sauran ya bi ta bayan gida ya ɓulla a kasuwa. Na zana manoma goma sun kewaye buhu da cokalin shayi, kowa ana auna masa. Wannan ya isa. Sai shaiɗan ya raɗa mini in ƙara gishiri: mai rabon na karkata masa hula hagu, na ba shi wushirya, na sa yana ɗan jan ƙafa. Ban kama suna ba, ina ta yi wa kaina kirari na yi habaici. Kwana biyu da saki, bayan magariba, mahaifiyata ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ƙafar tasa ma kai ka halicce ta?" Ashe mutumin shan-inna ce ta taɓa shi tun yana yaro, kuma matarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke da kakar wani ɗan ɗakinmu, irin zumuncin nan na ƙauye da ba ka sanin da shi sai ka taka shi. Yaransa suka daina zuwa makarantar allo saboda ana bin su ana jan ƙafa. Maganar taki kuwa ta mutu murus. Gari ya bar zancen buhunan da suka ɓace ya koma zancen ɗan wane marar kunya. Na je da ƙafata na ba shi haƙuri a zaurensa, gaban mutane, ya ce ya yafe. Takin dai har yau ba wanda ya sake tambaya.

Shi ya sa nake so ka koma ka kalli katun ɗin tuƙa-tuƙar nan da idon basira. In mai babbar rigar kowane mai babbar riga ne, yaron ya yi daidai, kuma saƙon da aka aiko wa mahaifinku shaida ce cewa jifan ya sauka inda ya dace. In kuwa ya ba shi tsagen fuskar wani, ko muryarsa, ko launin motarsa, to ya cire tun yau. A birni mai katun yana ɓuya cikin mutum miliyan. A ƙauye wanda ka zana shi ne zai tsaya kusa da kai a sahun Juma'a, wataƙila kuma a hannunsa za a nemi auren da kake so. Sannan duk abin da zai faɗa ya zama zai iya nuna shi da yatsa: famfon ga shi nan ba ruwa, ajin ga shi nan ba rufi. Cewa wane ya saci kuɗi kaza, wannan sai da takarda a hannu.

Sai aikin kansa. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa guda. Masu katun sukan yi zane 12 su maimaita kowanne sau biyu. Minti ɗaya kenan zane 720. In kowanne ya ci masa minti biyar, awa 60 kenan, a wayar da ake kaiwa shagon caji. Ba mai zambon da zai rayu a haka, kafin ya gama labarin ya yi tsami kamar nonon jiya. Abin da muke yi shi ne mu zana mutum sau ɗaya, mu yanka shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, ido da baki daban, sai a riƙa motsa gaɓoɓin kamar 'yartsana. A nan suturarmu ta yi mana gata. Tafiya ita ce mafi wahalar zanawa, amma mai babbar riga ko mai dogon hijabi ba a ganin ƙafarsa, ka ɗan rausaya shi sama da ƙasa kana tura shi gaba, shi kenan ya yi tafiya. Baki kuma biyar ya isa: rufaffe na "m" da "b", buɗaɗɗe na "a", shimfiɗaɗɗe na "i" da "e", zagayayye na "o" da "u", sai na shiru. Darussan Turawa za su ce ya ƙara wanda haƙori yake taɓa leɓe saboda "f". Ya bar musu kayansu. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta "f", in ka sa wa Malam Bahaushe wancan bakin sai ya koma kamar mai fassarar fim ɗin Indiya.

Murya ake fara ɗauka kafin zane, kuma ita ce rabin aikin. Mutane za su yafe maka karkataccen hanci, ba za su yafe maka sautin da ba sa ji ba. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin siminti mai kwano nesa ba kusa ba, don ba ya amsa-kuwwa. Ni har yau in na je gida a ɗakin kakata nake ɗauka, bayan isha, injin niƙa ya yi shiru, in lulluɓa da bargo ni da wayar. Sau ɗaya wani bunsuru ya yi kuka daidai inda ciyaman ɗin cikin labarin ya ce "na yi muku alkawari". Ban goge ba, kuma duk katun ɗin nan wurin aka fi yi wa dariya. Kada ya ce shi zai yi duk muryoyin. Kowane gari akwai mai kwaikwayon mutane a majalisa ko a teburin mai shayi, ya jawo shi. Waƙar wani kuma kada ya ɗora, za a toshe bidiyon ko kuɗin tallan ya tafi wurin mai waƙa. Kalangu ko kuntigin wani ɗan garinku ya fi, kuma ya fi daɗi.

Kayan aiki ba sa buƙatar a sayar da gona. Manhajojin FlipaClip da CapCut a waya sun ishe shi shekarar farko. In Allah ya hore tsohuwar kwamfuta, Krita, OpenToonz, Blender da Audacity duk kyauta ne. Da za ka tambaye ni me za a fara saya masa, sai in ce ƙaramar sola da batir, kafin sabuwar waya.

Tunda hannunsa ba zai yi saurin labaran yau da gobe ba, ya zaɓi ciwon da ba ya warkewa da wuri. Takin da ke zuwa bayan damina. Ambaliya irin ta 2022 da kayan agajin da ake ɗaukar hotonsu fiye da yadda ake raba su. Asibitin da sai ka sayo safar hannu. Lefen da ke korar samari zuwa Legas. Har da ku malamai, Malam, masu zuwa ranar biyan albashi kaɗai, ka yi haƙuri. Irin waɗannan bana a kalla, baɗi a kalla. Ya kuma ƙirƙiri garinsa na ƙarya da mutanensa uku ko huɗu da za a saba da su, kamar yadda aka saba da Gizo da Ƙoƙi. Mutum ya fi dawowa don ya ga me wane zai yi yau.

Kuɗi fa? Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Yi lissafi da kanka, kai malami ne: katun na minti ɗaya sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 240,000 kafin ya cika awa 4,000. Bayan nan ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya arha ne in an gwada da na Turai. Ga babbar matsalar: masu kallon ƙanenka ba a intanet suke ba. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa ashirin ta Xender ko WhatsApp, masu tura fina-finai a kasuwa su zuba wa mutane a memori su karɓi kuɗinsu. Jama'a dubu sun kalla, YouTube ya ƙirga ɗaya. Kada ya yi faɗa da wannan, ba zai ci ba. Ya mai da su 'yan aikensa. Sunan tasharsa ya zauna a kusurwar hoton daga farko har ƙarshe, kuma tallan ya shiga cikin labarin yadda ba za a iya yanke shi ba: mutanen katun ɗin su tsaya a shagon mai maganin feshi na gaske, ko mai sola, ko mai POS, shi kuma ya biya. Kuɗin farko da na taɓa samu daga wani mai sayar da irin shuka ne, ba daga Amurka ba.

Abin da ke riƙe gida a gaskiya shi ne aikin haya: tallan 'yan kasuwa, saƙonnin rigakafi da tsafta da noman rani da ƙungiyoyi suke nema da Hausa, darussan yara na makarantu. Zambon shi ne allon shago, shi ke sa a san ka. Duk aikin haya kuma ya karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi a hannu, kada ya ba da aiki mai tsabta sai an cika. Ni akwai wata ƙungiya da na yi wa wata biyu ina aiki a kan "za a turo", har yau ana turowa.

Akwai masu kuɗin da za su zo da kansu, musamman in zaɓe na matsowa. Ranar da katun ɗinsa ya yi tashe, yaron wani ɗan takara zai kira shi, ya yaba masa, ya ce ga waya sabuwa, a ɗan taɓa mana wancan ɓangaren. Mun ga yadda sojojin baka suke a gidajen rediyon Kano, bana suna nan baɗi suna can. Mai magana da baki yana iya sauya sheƙa a manta. Mai zambo kuwa abin da yake sayarwa shi ne yardar da aka yi cewa dariyarsa ba ta kowa ba ce, ran da aka gane an saye shi ko gaskiya ya faɗa za a ce nawa aka ba shi. Kuma in an zo kama shi, mai sabuwar wayar ba zai ɗaga kira ba. In dole sai ya yi wa ɗan siyasa aiki, ya yi masa tallan abin da ya gina, a fili, ba da sunan tasharsa ba, kada ya karɓi kwangilar zagin kowa.

Na san a gida za a tayar da maganar hukuncin zanen mai rai. Fage ne na malamai, kuma sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai an bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da yake shafe a kan takarda ko allo, akwai kuma malaman da suka tsananta a duka biyun. Ku je wurin malamin da mahaifinku ya yarda da shi, ku tafi da wayar ya gani da idonsa, kada a yi masa bayani da baki. Ku tambaye shi har da batun giba da izgili, don a ganina nan ne mai wannan sana'a ya fi saurin zamewa.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Gona ba zai bari ba, neman gurbin karatu ma ba zai bari ba, ko a Dutse ko a Kazaure ko a Kano, kuma in ya samu ya karanci abin da zai buɗe masa ido a kan mulki da tattalin arziki ko aikin jarida, zane zai koya a hanya. Ku ba shi daga wannan kaka zuwa ta baɗi, katun ɗaya duk mako biyu, ba fashi. Kowanne kafin ya fita, ya rubuta maganganun a takarda ya kawo maka. Ka karanta da jan biro kamar yadda kake duba aikin 'yan aji shida, kana tambayarsa: wannan wa kake nufi, wannan ina shaidarka, wannan in an karanta a gaban dagaci za ka iya ɗaga kai? Wanda ya aiko wa mahaifinku saƙo kuma kada a yi gaba da shi, Baba ya aika masa da amsa mai laushi, a ce an ji an gode. Tuƙa-tuƙar kuwa ka sa yaron ya ɗauki hotonta na gaske, da kwanan wata, ya ajiye. In an gyara ta, ya yi katun na biyu, ruwa na zuba, mai babbar rigar nan yana ta neman almakashi zai ƙaddamar karo na huɗu.